Barkono na Biyu

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, ga ni. Ke kuma da kika rubuto min cewa "Zoraida, ke dai kin more, kin samu miji mai haƙo zinariya," 'yar'uwa, zo ki karɓi morewar, na bar miki. Yanzu haka a saman rufin gidanmu nake zaune, tsakanin igiyoyin shanya, na sa wa ƙofar bene sakata. Akwai zobe a yatsana wanda bai yi awa uku ba, kuma ban san ko zai kai gobe a wurin ba. Bari in ɗauko muku daga ranar Alhamis, don in na fara da yau ba za ku gane inda na tafka wautar ba.

Ga waɗanda suka shigo yau: Gilmar Huamaní shi ne saurayina, shekara biyu ke nan. Masanin duwatsu ne, amma a nan Arequipa duk wanda ya sa hular kwano ya hau tsauni Injiniya ne, don haka Injiniya ake ce masa a gidanmu. Yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai neman zinariya can saman Caylloma, inda numfashi ma sai ka lallaɓa shi. Ku lura, nema na ce. Ba su taɓa sayar da zinariya ko ta ɗan kunne ɗaya ba. Abin da suka mallaka shi ne tsauni, da injin haƙa na haya, da wata jijiya a cikin dutse da suka sa wa suna Chabela. Injin ya huda ƙasa ya zaro dutse dogo-dogo kamar rake, Gilmar ya duba ya auna, a kai ɗakin gwaji a Lima. In sakamako ya yi kyau, farashin hannun jarin kamfanin ya yi sama a yini ɗaya. In ya yi muni, abin da ka zuba ya bi ruwa.

Babana kuwa, Don Eleuterio, duk ƙuruciyarsa a kan hanyar Puno ta ƙare yana jan babbar mota. Bara gwiwa ta ce ta gaji, ya sayar da motar, kuɗin suka zauna a banki suna yi masa ƙaiƙayi. Kawu Fortunato, ƙanen Mama, mai gyaran agogo a kasuwa, shi ya nuna masa ana sayen hannun jari ta waya. Ni kuma, uwar iya yi, ni na buɗe masa asusun, na sa lambar wayata don idonsa ba ya ganin ƙananan saƙonni. Rabin kuɗin motar yanzu yana cikin Chabela. Rabin da ya rage shi ne abin da shi da Mama za su ci har ƙarshen ransu.

Gilmar ba ya iya faɗin komai a kan ramukansu kafin kamfani ya yi sanarwa. Ba jan aji ba ne, doka ce. In ya tsegunta wa wani nasa, wannan ya je ya saya ko ya sayar, hukumar kasuwa za ta bi sawu, aiki ya tafi, suna ya ɓaci, wataƙila har kotu. Tunda bakinsa ya ƙi buɗuwa, sai su Baba suka koma karanta jikinsa. Ranar da ya zo da sabon aski, Kawu ya saya. Ranar da ya zo da mura yana jan hanci, Baba bai ci abincin dare ba. Akwai ranar da ya yi hamma sau biyu a falo, wallahi sai da suka raba dare a waya suna gardama ko gajiyar aiki mai kyau ce ko ta takaici.

To, ranar Alhamis na dawo daga kemis ɗin da nake aiki, ƙafata kamar ba tawa ba, ko farar rigar ban cire ba. Tun daga bakin ƙofa nake jin su a tsakar gida.

"Azurfa, Eleuterio! Azurfa!" in ji Kawu, yana bubbuga tebur da murfin biro. "Duk faifan sola da ka gani a kan rufin mutane akwai azurfa a ciki. Ita zinariyar taka me take tsinanawa? A haƙo ta daga wani rami a kai ta wani ramin a banki a kulle."

"To kamfanin naka na azurfa fa? Shekara nawa yana ce maka baɗi za mu fara? Duk sanda kuɗinsu ya ƙare sai su fito da sababbin hannayen jari, naka ya tsinke kamar miyar da aka ƙara wa ruwa don baƙi."

"Naka ma haka suke yi!"

"Nawa rami ɗaya suke jira. Babban ramin nan."

"Ramukan baya me suka fito da shi? Ƙyalli-ƙyalli, abin da bai isa a yi wa kaza haƙori ba."

"Gefen jijiyar suka taɓa, malam mai agogo. Wannan karon tsakiyarta suka nufa. Kai da kake zaginta, ba kai ma kana da ita ba?"

"Kaɗan! Don kar ka yi arziki ka bar ni."

Na so in sulale ta bayan tukwanen furen Mama in shige ɗaki, sai Baba ya ɗago tabarau.

"Zoraida. Zo nan, uwata."

In Baba ya ce min "uwata", to akwai magana. Na zo na tsaya riƙe da jaka.

"Injiniya ya sauko jiya, ko?"

"E, Baba."

"Kamfani ya ce sati mai zuwa za su sanar da sakamakon babban ramin. Shi kuma ya ce Lahadin nan zai kawo mahaifiyarsa neman aurenki. Ba wata mai zuwa ba, Lahadin nan. Me ya sa yake gaggawa?"

"Don mahaifiyarsa ta samu wanda zai kula mata da gona ne, Baba."

Shi da Kawu suka dubi juna suka yi wani murmushi, irin na ke yarinya ce.

"Saurara," in ji Baba, ya rage murya kamar hukumar tana bayan katanga. "Ba na so ya yi magana. Ni ma na san doka, ba jahili ba ne ni. Ranar Lahadi uwarki za ta yi rocoto, cusasshen barkonon nan nata. Za ta sa masa guda kamar kowa. In ta zagayo da tire karo na biyu, in ramin ya yi kyau, ya ƙara. In bai yi ba, ya ce ya ƙoshi. Shi ke nan. Wace hukuma ce za ta kama mutum don ya ci barkono?"

"Dabarata ce," in ji Kawu, yana gyara wuyan riga.

Na ce, "Baba, don Allah. Korarsa za a yi."

"Wa zai sani?"

"Shi zai sani!"

Fara'ar ta bar fuskar Baba. Ya cire tabarau ya ajiye a hankali, ya shafa gwiwarsa mai ciwon.

"Mutum zai zauna a teburina, ya ci abincina, ya ɗauki 'yata ɗaya tilo. Ya san ko rami ne a gabana ko tudu, ya zuba min ido in taka. Wannan suruki ne? In bai iya yi min wannan ɗan abin ba, Zoraida, ban san me zan ce wa uwarsa ranar Lahadi ba."

Na duba wajen Mama ko za ta cece ni. Tana bakin famfo tana wanke shinkafa, ko juyowa ba ta yi ba. "Ni dai tire zan zagaya da shi," ta ce, "kamar yadda nake yi wa kowane baƙo."

Ranar Juma'a na rubuta wa Gilmar saƙon nan ya fi sau goma ina gogewa, tsakanin mai sayen maganin tari da mai neman na hawan jini. "Masoyi, akwai abin da Baba yake so..." Goge. "Kar ka ji haushi, amma..." Goge. Ina cikin haka nasa ya shigo.

"Zori, mahaifiyata ta sayi sabuwar hula saboda Lahadi. Tun safe take gwadawa a madubi."

"Allah sarki."

"Wane irin fure Mama take so? Kar in je in kawo na makabarta."

"Fari. Ban da rawaya."

"Kina lafiya? Amsarki gajeru yau."

"Aiki ne."

Ranar Asabar da yamma muka haɗu a dandalin Cayma. Ya zo da rigar sanyinsa mai ruwan toka wadda gwiwar hannunta ta koɗe, leɓensa duk ya tsage da sanyin tsauni. Ya sayo mana ƙanƙarar madara mai kirfa, muka zauna a benci. Na riga na shirya maganata tun a mota, har na haddace. Na buɗe baki ke nan sai ya riga ni.

"Kin san yau mai aski ma sai da ya tambaye ni? Reza a wuyana, yana cewa, Injiniya, tsakanina da kai, a saya? Direban tasi ya tambaye ni. Fadan cocinmu ya tare ni a ƙofa, wai yana yi wa wani ɗan'uwansa tambaya ne." Ya yi dariya, amma dariyar gajiya. "Kowa in ya kalle ni, ramin yake gani. Ke kaɗai ce ba ki taɓa tambayata ba, Zori. Ko sau ɗaya. Shi ya sa in na zauna kusa da ke nake jin na sauke kaya."

Jama'a, ku gaya min, ta ina zan fara bayan wannan? Ƙanƙarar ta narke a hannuna tana ɗiga a kan siket. Na san halinsa sarai. In na faɗa masa, zai ce a ɗaga zuwan sai bayan sanarwa, Baba kuma ya ɗauki ɗagawar a matsayin raini, shi ke nan an ɓata. Na yi tunanin in ce masa kawai, gobe kar ka ƙara abinci. Sai na tuna ƙin ƙarawar ma amsa ce, Baba zai kwashe duk abin da ya zuba ya sayar ranar Litinin, ya kuma riƙe shi a zuciya. Ko ya ci ko ya ƙi, ya yi magana. Sai na ce masa rigar nan tasa ta isa jefarwa, ya ce ita za a binne shi da ita, muka yi dariya.

Da na dawo gida Baba yana zaune a falo, talabijin a kunne ba ya kallo.

"Kin gaya masa?"

"Mun yi magana, Baba."

Ba ƙarya na yi ba, mun yi magana. Amma na ga yadda ya gyaɗa kai ya sauke ajiyar zuciya, na kuma bar shi a haka. Dabarata ita ce in hana tire na biyu fitowa, ko ta halin ƙaƙa.

Yau Lahadi tun asuba gidan yake a tsaye. Mama ta cire ledar da ke kan kujerun falo, abin da ban gani ba tun rasuwar kakata. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai aikin hannu da Baba ya kawo mata daga Puno, ta kunna kyandir gaban hoton waliyyarmu, Budurwar Chapi. Barkonon kuwa tun jiya ta yanke musu kai, ta ƙwaƙule 'ya'yan, ta tafasa su a ruwan sukari ta zubar, ta sake, ta sake, don zafin ya sauka. Duk da haka rocoton Mama ba ya sauka ƙasa sosai, ita ma ta sani, abin alfaharinta ne. Ta cusa musu nama da gyaɗa da zaitun da ƙwai, ta rufe da cuku, ta jera su kusa da dankalin da aka gasa da madara. Tire biyu na ƙirga.

Na sa koriyar rigata mai dogon hannu, da 'yan kunnen Mama na aurenta, na ɗaure gashi baya. Baba ya sa kwat ɗin da ya yi masa kaɗan a ciki. Kawu Fortunato ya zo tun kafin a gama shara, wai ya zo taya aiki, ya zauna a kujerar da ke fuskantar ta baƙo.

Da rana tsaka suka iso. Gilmar cikin baƙar kwat, fararen furanni a hannu, gumi a goshi tun bai ci komai ba. Mahaifiyarsa, Doña Benedicta, 'yar gajeruwar mace daga Chivay, da sabuwar hularta mai ado da siket mai faɗi, ta kawo cuku guda biyu manya a ƙunshe cikin zane. Aka yi gaishe-gaishe, aka tambayi hanya, aka tambayi gona. Doña Benedicta ta gyara zama za ta fara abin da ya kawo su, Baba ya ɗaga hannu.

"A'a, Doña. A gidan nan ba a maganar aure da yunwa. A ci tukuna."

Na dube shi, ya kau da kai. Amsarsa yake so ya gani kafin ya ba da tasa.

Aka sa wa kowa guda. Ni ko ɗanɗanon nawa ban ji ba. Gilmar yana ci a hankali, yana kurɓar chicha, abin shanmu na masara, bayan kowace loma. Yana da gyambon ciki, abincin sansani ya ɓata masa ciki, ni nake kawo masa maganin daga kemis. Kawu yana ta zuba surutu a kan farashin azurfa a China, amma idonsa na kan farantin Gilmar. Da na ga ya kusa cinyewa na miƙe.

"Bari in taya Mama."

Na same ta a kicin ta fito da tire na biyu, cukun yana ta tafasa a kai. Na ɗauki tsumma na ce, "Kawo in kai." Niyyata in yi tuntuɓe a bakin ƙofa, in sha faɗa, a wuce wurin. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"In kika ya da shi, akwai wani a gidan maƙwabta, a tandarsu na sa. Ni na haife ki, Zoraida."

"Mama, don girman Allah."

"Ubanki bai yi barcin kirki ba tun da ya sayar da motar nan. Bari ya ji abin da zai ji mu huta. Matsa."

Ta wuce ni da tiren. Na biyo ta a baya.

Ta fara da Doña Benedicta, ta ce Allah ya yi albarka, ta ƙoshi. Kawu ya girgiza kai bai ko dubi tiren ba. Sai Mama ta tsaya a kafaɗar Gilmar.

"Injiniya, a ƙara?"

Cokalin Kawu ya tsaya a iska. Baba ya riƙe kofinsa bai kai baki ba. Ni kuwa ina tsaye bayan Mama ina kallon Gilmar, ban ma san me nake roƙon Allah ya sa ya yi ba.

Ya ɗora hannu a ciki ya yi murmushi. "Kai, Mama, gaskiya na..."

Na ga jinin fuskar Baba ya tsere. Kofin ya karkace, chicha ta ɗiga a kan farin mayafin.

"Ka me?" in ji Doña Benedicta, ta kai wa Gilmar mintsini a cinya, har sai da ya zabura. "Haka na koya maka? Ka zo neman 'yar mutane ka ƙi abincin uwarta? Zuba masa, Doña. Kar ki kula shi, kunya ce. Biyu ma zai ci."

Gilmar ya fashe da dariya ya miƙa faranti da hannu biyu. "To, Mama, sa biyun. Yau ai ranar farin ciki ce."

Wayyo ni. Da ya tsaya a miƙa farantin ma da sauƙi.

Kawu ya sunkuya wajen kunnen Baba, amma raɗar Kawu har a titi ana jin ta. "Ka ga gwani? Sai da ya yi kamar zai ƙi." Baba ya taka masa ƙafa. Fuskar Baba ta dawo, har ta fi da. Ya zauna yana kallon Gilmar yana cin barkonon nan, hawaye na zubo wa bawan Allah, hanci na yoyo, yana cewa "Da daɗi, Mama, wallahi da daɗi," Baba kuma yana gyaɗa kai a kan kowace loma. Sai da ya cinye ukun tas.

Abin da ya biyo baya kamar a mafarki na gan shi. Doña Benedicta ta miƙe ta yi maganarta, ta ce ɗanta maraya ne amma ba a taɓa kawo mata ƙararsa ba. Gilmar ya tashi, leɓe ya kumbura da yaji, ya ce yana roƙon Don Eleuterio da Mama su ba shi ni. Ya fito da zobe daga aljihu, na kakarsa ne, na azurfa, siriri, duk ya sha hannu.

"Azurfa," in ji Kawu a hankali. "Eleuterio, ka lura, azurfa ya kawo."

"Rufe mana baki, Fortunato."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga ƙaramin kofin giyar anis. Ya ce tun ina cikin zanen goyo yake tsoron wannan rana. Ya ce ya yi ta tunanin wane irin mutum ne zai zo, sai ga shi Allah ya kawo masa wanda ya san darajar iyaye, wanda ba zai ga tsoho a kan hanya ya bar shi cikin duhu ba. Ya ce ya ba shi ni. Mama ta fashe da kuka, Doña Benedicta ta rungume ni, hularta ta goge min kwalliya. Zoben ya shiga yatsana kamar don ni aka yi shi. Na yi farin ciki, kar ku ce ban yi ba. Na yi, tsoro kuma yana cina a lokaci guda.

Sai Baba ya jawo Gilmar ya rungume shi, yana bubbuga bayansa, ya ce masa wani abu a kunne. Na ga girar Gilmar ta haɗu.

Da iyaye mata suka shiga kicin ƙulla sauran abinci, ya kamo hannuna. "Zo mu sha iska, bakina wuta yake." Muka hau nan saman rufi. Rana ta yi sanyi, dutsen Misti ya fito tar babu gajimare ko ɗaya, zannuwan gadonmu suna ta kaɗawa a igiya.

"Zori, babanki lafiya kuwa? Ce min ya yi, na gane saƙo, ɗana, uku ba wasa ba, gobe da an buɗe kasuwa. Wane saƙo?"

Na faɗa masa. Duka. Tire, da Alhamis, da "mun yi magana". Ina faɗa ina kallon takalmina.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya saki hannuna ya je ya dafa katanga, ya daɗe yana kallon rufin maƙwabta.

"Nawa zai zuba?"

"Abin da ya rage na motar. Ina jin duka."

Ya rufe ido. "Daga yau shi surukina ne, kin gane? Duk abin da ya saya gobe, kwana kaɗan kafin sanarwa, sunansa zai fito kusa da nawa. In farashi ya hau, za a ce ni na faɗa, kuma wa zai yarda cewa barkono na ci? In ya faɗi, ya rasa komai, kuma har ya mutu zai ce na zauna a teburinsa na yaudare shi."

"Zan sauka in ce masa ban gaya maka komai ba."

"Zai yarda?"

Ba zai yarda ba. Kawu zai ce ka ga gwanaye, yanzu kuma suna share sawu.

"To kai ka ce masa kar ya saya."

"In na ce kar ya saya, na faɗa ke nan, Zori! In na ce ya saya, na faɗa. In na yi shiru, na riga na faɗa da cikina." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya dafe cikin. "Me ya sa ba ki gaya min jiya ba?"

"Ka ce ni kaɗai ce..."

Daga ƙasa ina jin muryar Baba yana waƙa, wata tsohuwar waƙar direbobi da rabon da in ji ta a bakinsa tun yana da motarsa. Na tuna yadda ya tsaya a bakin titi ranar da mai sayen ya ja ta ya tafi, bai shigo gida ba sai da ƙurarta ta kwanta. Na tuna maganin gwiwarsa, da na sukarin Mama, ni nake kawo su, na san tsadarsu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Gilmar. Ni kaɗai, ba zan gaya wa kowa ba. Ramin... ya yi kyau ko bai yi ba?"

Ya juyo ya dube ni. Ba fushi na gani a idonsa ba, da fushi ne da na san yadda zan yi da shi.

"Ke ma, Zori?"

Ya jira kamar zan janye maganar. Ban janye ba, don har a lokacin ina son in ji amsar. Ya gyara kwat ɗinsa ya sauka. Na ji yana yi wa Mama godiya da ladabi, na ji Baba yana cewa "Sai ka dawo, ɗana, gidanka ne," na ji ƙofar waje ta rufe. Bai karɓi zoben ba, bai kuma waiwayo sama ba. Na tura masa saƙo uku, ya karanta, bai amsa ba.

Ban motsa daga nan ba sai wayata ta yi ƙara. Na zabura na ɗauka shi ne. Ashe daga asusun Baba ne. Ya shigar da odar sayen tun yau don ta shiga da an buɗe kasuwa gobe, kuma ba za ta wuce ba sai an sa lambar tabbatarwa. Lambar kuwa wayata take zuwa.

"Zoraida!" ya ƙwala daga tsakar gida. "Uwata! Karanto min lambar nan!"

Na ce kaina ke ciwo, ya bari in ɗan huta. Na sa sakata na zauna nake rubuta muku wannan. Lambar ta mutu, ya nemi wata, ita ma ta mutu, ya sake nema. In na karanta masa, da hannuna na tura shi da Gilmar cikin rami. In na ƙi, sai in dubi idonsa in gaya masa dalili, a ranar da ya yi waƙa.

Sabuwa ta shigo yanzu. Baba bai hau benen nan ba tun da gwiwarsa ta lalace, amma ga shi ina jin sandarsa a kan matakala, yana hawa yana hutawa, yana kiran sunana da fara'a.